Ulf von Euler, Mai Farautar Manzannin Jiki

Idan damina ta yi nisa a Yekuwa, gero ya fitar da kai, tabkuna sun cika, sai sauro ya yi yawa. Lokacin nan ne zazzaɓi ke kwantar da yara. Duk wanda ya taɓa yinsa ya san yadda yake. Rana na tsaka, kowa na zufa, amma shi yana rawar ɗari, yana neman a lulluɓe shi. In an taɓa goshinsa, sai a ji kamar garwashi. Kai na sara, gaɓoɓi na ciwo. A ba shi ƙwaya ya haɗiya, jim kaɗan gumi ya karyo masa, jiki ya yi sanyi.

To, wa ya umurci jikin ya yi zafi? Ƙwayar nan kuma, me ta je ta yi a ciki? Shekaru ɗari da suka wuce babu likitan da ya san amsa. Wanda ya fara kama bakin zaren wani mutum ne na ƙasar Suwidin, can arewacin Turai, ƙasar da ruwa ke daskarewa don sanyi. Sunansa Ulf von Euler.

Gidan da ya taso

An haife shi ran 7 ga watan Fabrairu 1905 a Istokholm, babban birnin Suwidin. Gidansu gidan ilimi ne gaba da baya. Ubansa, Hans von Euler-Chelpin, malamin ilimin sinadarai ne, kuma a 1929 ya sami kyautar Nobel, wadda ake ba manyan masu bincike na duniya. Uwarsa, Astrid Cleve, masaniyar tsirrai ce. Ita ce mace ta farko a ƙasarsu da ta sami digirin dokta a fannin kimiyya. Kakansa na wajen uwa ma mai bincike ne. Yaron da ya tashi a irin wannan gida, kwalabe da ma'auni ba baƙinsa ba ne, kamar yadda ɗan maƙeri ya saba da zugazugi tun yana rarrafe.

A 1922 ya shiga makarantar likitoci ta Karolinska. Amma bai zama likitan da ke zaune yana duba marasa lafiya ba. Abin da ya ja hankalinsa shi ne yadda gaɓoɓin jiki ke aika wa juna saƙo. Ya gama digirin dokta a 1930, sai aka ba shi kuɗin karatu ya tafi yawon neman ilimi a Ingila da Beljiyam da Jamus.

A Landan ya zauna wurin wani babban malami, Henry Dale. Nan ya koyi sana'ar da ya riƙe har ƙarshen ransa. Ga yadda take. A yanko ɗan guntun hanjin zomo, a rataye shi cikin kwalba mai ruwan gishiri mai ɗumi. Hanjin ba ya mutuwa nan da nan, yakan yi ta motsi a hankali. A ɗaura masa zare, a haɗa zaren da wani siririn tsinke. Bakin tsinken yana taɓa takarda da aka baƙanta da hayaƙi, aka naɗe ta jikin gwangwani mai juyawa. In hanjin ya tsuke, tsinken ya ja farin layi sama. In ya saki, layin ya sauko. Mai bincike sai ya ɗiga abin da yake son gwadawa cikin ruwan, ya zuba ido. Da wannan ɗan kayan aiki, shi da abokinsa John Gaddum suka gano wani sabon sinadari cikin hanji da ƙwaƙwalwar doki a 1931. Aka sa masa suna sinadarin P. A lokacin von Euler yana da shekara 26.

Sunan da aka raɗa bisa kuskure

Da ya koma gida, ya ci gaba da ɗiga ruwan gaɓoɓi iri iri cikin kwalbarsa. A 1934 ya gwada maniyyin mutum, da kuma ruwan wasu ƴan jakunkuna da ke cikin marar rago. Sai tsinke ya yi tsalle. Ɗigo kaɗan ya sa hanjin ya tsuke da ƙarfi. Da ya yi wa zomo allurarsa, sai ƙarfin bugun jininsa ya sauka. Wani mai bincike a Ingila, Maurice Goldblatt, shi ma ya ga haka a wajen wannan lokaci, ba tare da sun yi shawara ba.

Von Euler bai tsaya nan ba. Ya so ya san ko wane irin abu ne. Ku tuna abin da ke faruwa in man gyaɗa ya zuba cikin ruwa: ba su haɗuwa, man yana tasowa sama. Sinadarai ma haka suke, wasu ƴan gidan ruwa ne, wasu ƴan gidan mai. Da ya gwada, sai ya ga wannan sabon abu yana bin ɓangaren mai. Ashe maiƙo ne.  

A 1935 ya raɗa masa suna furostagilandin. Ya zaci daga furostat yake fitowa, wata ƴar gaɓa ce da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. A nan ya yi kuskure. Bayan shekaru fiye da ashirin aka tabbatar ba daga can yake ba, daga ƴan jakunkunan da ke kusa da ita ne. Daga baya ma aka gane kusan kowace gaɓa ta jiki tana yin sa, jikin mace da na namiji, yaro da babba. Amma suna ya riga ya bi shi. Ku ma kun san wanda ake kira Dogo tun yana ƙarami, ya girma ya tsaya gajere, sunan kuma bai bar shi ba.

Daga nan aiki ya cije. Abin ɗan mitsitsi ne ƙwarai cikin jiki, kayan awo na zamanin kuwa ba su kai su ware shi ba. Von Euler yana ganin aikinsa a kan baƙar takarda, amma bai iya riƙe shi a hannu. Kamar mafarauci ne da ke ganin sawu kullum, bai taɓa ganin naman ba. Ya adana ɗan abin da ya tace, ya juya ga wata tambaya. A 1939 aka naɗa shi shehun malami a Karolinska, shekarar da babban yaƙin duniya na biyu ya tashi.

Sabuwar tambayar ita ce: in mutum ya firgita, misali ya yi kiciɓis da maciji a gona, me jijiyoyi ke saki har zuciya ta riƙa dukan uku-uku? A 1946 ya ba da amsa. Sinadarin sunansa noradiranalin. Wannan aiki ne ya ɗaukaka sunansa a duniya, kuma dominsa aka ba shi kyautar Nobel a 1970, tare da Bernard Katz da Julius Axelrod. Uba ya samu, ɗa ya samu. Gidajen da suka yi haka a duniya ba su da yawa.

Ragunan arewa da man gyaɗa

Maganar maiƙon nan fa? Bai manta da ita ba. A 1945, bayan wani taro na malamai, ya tari wani saurayi mai suna Sune Bergström, gwani wajen sinadaran kitse. Ya ba shi labari, ya kuma miƙa masa abin da ya adana tun kafin yaƙi. Wannan kyauta ce babba. Ba kowane malami ke sakin abin da ya gano ya ba na bayansa ba.

Bergström ya sha wuya. Sai da aka bi mahauta na ƙasashen arewacin Turai ana tara jakunkunan raguna masu ɗimbin yawa, ana daskarar da su, ana niƙawa, ana tacewa, kafin a sami abin da bai cika bakin cokali ba. A 1957 ya ware iri biyu tsantsa. A 1962, shi da almajirinsa Bengt Samuelsson da abokan aikinsu suka gano yadda aka gina su. Sai ga shi ba manzo ɗaya ba ne, dangi ne guda, aka bambanta su da haruffa: E, F da sauransu.

A 1964 aka gano uwar da ke haifar su. Wani maiƙo ne da ake kira asid arakidonik. Ku saurari sunan da kyau, ku da ke karatu da harshe biyu. Yaya ake ce wa gyaɗa da Faransanci? Arachide. Tushen kalmomin ɗaya ne, domin an samo sunan daga wani ɗan'uwansa da aka fara samu cikin man gyaɗa. Shi kansa arakidonik babu shi cikin gyaɗa. Amma man gyaɗa da man riɗi suna da wani maiƙo, linoleyik, wanda jiki ba ya iya yi da kansa, dole sai an ci. Daga shi jiki ke ƙera arakidonik. Ashe ƙuli-ƙuli da tunkuza da man da mata ke matsewa a ƙasar Magariya da Dungas suna da hannu cikin wannan labari. Ana samun arakidonik kuma kai tsaye cikin ƙwai da nama da kifi.

Sallama a zaure

Yanzu sai mu duba yadda manzon ke isar da saƙonsa. Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Ku ɗauki kowace ƙwaya kamar gida. Gida yana da katanga. Katangar ƙwayar halitta kuwa da maiƙo aka yi ta, siririya ƙwarai, kuma cikin wannan katanga ake ajiye arakidonik. Ba a tara furostagilandin a ajiye. Sai buƙata ta taso, kamar in ƙaya ta soki ƙafa, ko wuta ta ƙona hannu, sannan a ɓanɓaro arakidonik daga katanga. Wani maƙeri na cikin ƙwayar, wanda masana ke kira COX, ya sarrafa shi nan take. Manzo ya fito waje.

Ba ya tafiya mai nisa. Aikensa na maƙwabta ne, gida zuwa gida. Ransa ma gajere ne. Wanda ya faɗa cikin jini, da ya ratsa huhu sau ɗaya an kashe mafi yawansa. Wani ɗan dangin, turomboksan, wanda ke taimakon jini ya daskare a bakin rauni, cikin daƙiƙa talatin rabinsa ya lalace. Shi ya sa kama su ya yi wuya haka.

In baƙo ya zo gidan mutane, ba ya kutsa kai cikin gida. Yakan tsaya a zaure ya yi sallama. Yaro ya amsa, ya ruga ciki ya faɗa. Sai gida ya motsa: a kawo tabarma, a kawo ruwa, a dama fura. Baƙon bai ga tsakar gida ba, amma zuwansa ya sa kowa aiki. Haka furostagilandin ke yi. A jikin katangar ƙwaya akwai wurin karɓar saƙo, masana na ce masa makarɓi. Wani dogon zare ne na furotin da ya ratsa katangar sau bakwai, shiga da fita, kamar ɗinkin allura. Manzo ya zo ya zauna cikinsa daram, kamar mabuɗi cikin kwaɗo. Da ya zauna sai makarɓin ya sake siffa. Ɓangarensa na ciki ya taɓa wani furotin da ake kira G, wato yaron gidan. Shi kuma ya tayar da wasu, su ma su tayar da wasu. Sallama ɗaya a waje, sai ta zama hayaniya a ciki.

Ga wani abin lura. Manzo ɗaya yana iya samun amsa dabam dabam, gwargwadon zauren da ya tsaya. Furostagilandin E2 yana da makarɓai iri huɗu: EP1, EP2, EP3 da EP4. A wani, tsoka ta tsuke. A wani, ta saki. Wannan ya warware abin da ya daɗe yana rikita masu bincike, yadda abu guda zai matse hanji, ya kuma buɗe hanyoyin jini.

Mu koma ga yaronmu mai zazzaɓi. Sauro ya zuba masa ƙwayoyin cuta, sun shiga jini suna fasa jajayen ƙwayoyinsa. Fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne dakarun jiki, sun yi kururuwa da nasu sinadarai. Kururuwar ta isa hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa, su kuma suka ƙera furostagilandin E2. Can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wurin da ke tsare ma'aunin zafin jiki a wajen digiri 37. Manzo ya yi sallama a zauren EP3 na wurin, sai aka ɗaga ma'aunin zuwa 39 ko 40. Jiki ya ga bai kai sabon ma'auni ba, sai ya ji kamar sanyi ake yi. Dalilin rawar ɗari ke nan da rana tsaka. A bakin rauni kuma, manzon nan ne ke sa jijiyoyin jin zafi su yi saurin kuka, har ɗan taɓi kaɗan ya zama ciwo.

Abin da ƙwaya ke yi, da abin da ba ta yi

An fara sayar da asfirin tun 1899. Shekara saba'in ana shansa ko'ina, ba wanda ya san yadda yake aiki. A 1971 wani Bature na Ingila, John Vane, ya nuna cewa asfirin yana ɗaure hannun maƙerin nan COX. In babu maƙeri, babu manzo. In babu manzo, ba a sallama a zaure, sai ma'auni ya koma 37, gumi ya karyo. Farasetamol ma yana rage furostagilandin cikin ƙwaƙwalwa.

Ku lura da kyau. Ƙwayar ta tare manzo ne kawai, ba ta taɓa cutar da sauro ya zuba ba. Zafi ya sauka, amma ƙwayoyin cuta suna nan suna yaɗuwa cikin jini. Iyaye da yawa sukan ga jiki ya yi sanyi su ce yaro ya warke, bayan kwana biyu ya koma ya fi da. Yaro mai zazzaɓi sai an kai shi likita, a ɗiga jininsa a gwada, a ba shi maganin cutar kanta. Likitoci kuma sun hana a ba yara masu zazzaɓi asfirin, domin yana iya jawo musu wata muguwar cuta ta hanta da ƙwaƙwalwa.

Kuma ba duka saƙon manzon ne na wahala ba. A cikin tumbi, shi ke sa a shafe bango da majina mai kauri, don kada ruwan tsami mai narkar da abinci ya ci naman tumbin. Manomin da ke sayen ƙwayoyin ciwon jiki a tebur ranar kasuwa, yana sha kullum da yunwa, yana korar mai gadin tumbinsa ne. Ƙarshenta gyambon ciki, wani lokaci har da aman jini.

Akwai wurin da manzon nan ke ceton rai. Mahaifa tsoka ce, kuma tana da makarɓansa. A 1968, a jami'ar Makerere ta Kampala, ƙasar Yuganda, wani mai bincike mai suna Sultan Karim ya yi amfani da furostagilandin ya tayar da naƙuda ga matan da haihuwa ta yi wa nawa. Daga baya aka ƙera wata ƙwaya mai kama da shi, misofurostol. In mace ta haihu, dole mahaifa ta tsuke ta matse hanyoyin jini. In ba ta tsuke ba, jini ya ɓalle, uwa tana iya rasuwa cikin ƴan sa'o'i. Maganin farko allura ce mai suna ositosin, amma tana son a ajiye ta cikin sanyi. Ƙwayar kuwa tana jure zafi, ba ta bukatar firji, ga shi haɗiya ake yi. A ƙauyen da babu lantarki, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A 2014 ƙasar Nijar ta soma wani shiri na yaƙi da zubar jini bayan haihuwa, kuma ƙwayar nan tana cikin kayan aikinsa. Amma magani ne na hannun ungozomar asibiti da malamin lafiya. In mai ciki ta sha shi ba bisa ƙa'ida ba, yana iya halaka ta da abin da ke cikinta.

Ƙarshen rayuwarsa

Von Euler ya bar koyarwa a 1971. Ya shugabanci hukumar da ke riƙe da dukiyar kyautar Nobel wajen shekara goma, har zuwa 1975. A 1982 aka ba Bergström da Samuelsson da Vane kyautar Nobel saboda aikin furostagilandin. Tsohon yana raye, ya ga abin da ya miƙa wa saurayi shekara 37 baya ya zama babban fage na ilimi. Bayan ƴan watanni, cikin Maris 1983, ya rasu a Istokholm yana da shekara 78.

Zauren da manzonsa ke sallama kuwa, bai rayu ya ga siffarsa ba. Sai a 1991, a birnin Kiyoto na ƙasar Japan, Shuh Narumiya da abokan aikinsa suka karanta ginin makarɓin turomboksan. Cikin ƴan shekaru kaɗan suka biyo da na EP ɗin nan. Da aka jera su kusa da makarɓin noradiranalin da na sinadarin P, sai aka ga duka ƴan gida ɗaya ne. Abubuwa ukun da von Euler ya gano da guntun hanji da baƙar takarda, a 1931 da 1934 da 1946, kowannensu yana sallama ne a zaure mai zaren da ya ratsa katanga sau bakwai.